Na'ura Biyu, Adireshi Ɗaya: Gwanintar Masu Gyaran Rezo a Damargu

A cikin matsalolin da ke kama rezon ƙaramin ofis, babu mai ɓata rai irin wadda ke zuwa tana tafiya. Wayar da ta tsinke, kowa ya ga ta tsinke. Amma a ce injin buga takarda ya yi aiki lafiya lau da safe, ƙarfe 11 ya ƙi, bayan azahar ya dawo don kansa ba wanda ya taɓa shi. Ko kwamfutar akanta ta buɗe shafi ɗaya ta ƙi buɗe na biyu, alhali salular mai gadi a bakin ƙofa tana zuba bidiyo babu ko tsayawa. A Tanut ko Belbeji, hukuncin da ake yankewa nan take guda ne: "Rezo ne." A ɗora wa kamfanin waya laifi, ko ƙurar hunturu, ko zafin bazara, a zauna jiran sauƙi. Sau da yawa kuwa kamfani bai ji ba bai gani ba. Rigimar a cikin ɗakin take: na'urori biyu ne suka riƙe adireshi ɗaya, kowace tana amsa kiran da aka yi wa ɗayar.

Gano wannan sana'a ce, kuma a ƙasar Damargu tana da daraja ta musamman saboda nisa. Tanut tana kimanin kilomita 140 arewa da Damagaram, a kan hanyar Agadas. Belbeji, wadda aka yanke daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tana can yamma cikin ƙasar Tarka. In an ce sai an ɗauko mai gyara daga birni, kuɗin mota sun tafi, yini guda ya tafi, kuma takardar haihuwar da wani ya taso tun asuba daga ƙauye don ya karɓa ba ta fito ba. Ma'aikatar magajin gari, gidan likita, ofishin ƙungiyar agaji, shagon fotokopi, wurin masu tura kuɗi, duk yanzu akwai ɗan rezo a cikinsu: ruta ɗaya mai raba musu intanet, kwamfuta uku ko biyar, injin buga takarda, wataƙila kamara, sai tarin wayoyi. Mutumin garin da ya iya warware wannan ƙulli da kansa, cikin rabin awa, ba tare da ya sa an sayi komai ba, ina ganin girmansa ƙwarai, kuma ina so mai karatu ya ga abin da yake yi da dalilin yin sa.

Kowace na'ura da ta hau rezo sai ta sami adireshi, wanda ake kira adireshin IP: lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, misali 192.168.1.20. An fitar da ƙa'idar wannan tsari a Amurka a watan Satumba na 1981, kuma duk adireshin da zai iya bayarwa bai kai biliyan 4.3 ba. Da aka ga ba za su ishi duniya ba, a watan Maris na 1994 aka keɓe wasu rukunoni uku don amfanin cikin gida: masu farawa da 10, masu farawa da 172.16 har zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Waɗannan kowa na iya maimaita su a bayan rutarsa. Shi ya sa 192.168.1.20 yana nan a wani shago a Bakin Birji, yana nan a wani gida a Yamai, yana nan a Tokiyo, kuma babu mai damun wani. Sharaɗin ɗaya ne tak: a cikin rezo guda, kada a sami biyu. A yawancin ƙananan rezo lambobi ukun farko ba sa canzawa, ta ƙarshe ce ke bambanta na'ura da na'ura, daga 1 zuwa 254.

Sai dai kowace na'ura tana da wata lamba ta biyu, wadda ta fito da ita daga masana'anta, ana ce mata adireshin MAC: haruffa da lambobi 12, an jera su bibbiyu. Makiyayin Damargu zai fahimci bambancin nan da nan. Raƙumi yana iya canza suna in ya canza hannu, amma shaidar da aka yi masa da ƙarfe mai zafi tana nan a jikinsa, kuma wanda ya san shaidu yana kallonta zai faɗa maka daga gidan da ya fito. Adireshin IP suna ne da ake bayarwa a karɓe, MAC kuwa shaida ce, kuma haruffa shidan farko suna nuna kamfanin da ya ƙera na'urar, domin hukumar IEEE ce ke raba su ga masana'antu.

Abin da ke haɗa lambobin biyu wata ƴar ƙa'ida ce mai suna ARP, wadda David Plummer ya rubuta a watan Nuwamba na 1982, kuma har yau ita ke aiki a cikin kowace salula. In kwamfuta tana son aika takarda ga inji, sai ta yi shela ga duk wanda ke kan rezon: wa ke da 192.168.1.20? Mai adireshin ya amsa da lambarsa ta MAC. Kwamfutar ta rubuta amsar a wani ɗan jadawali na wucin gadi, ta ci gaba da aikawa can. An gina ƙa'idar a kan amana: babu mai bincika ko wanda ya amsa shi ne mai haƙƙi. To in biyu suka amsa fa? Galibi wanda muryarsa ta iso daga baya shi ake rubutawa. Bayan ɗan lokaci jadawalin ya tsufa, a sake shela, wannan karon ɗayan ya yi nasara. Takardar da aka tura wa inji sai ta tafi wurin wata waya da ba ta san abin da za ta yi da ita ba, ta zubar. Ga asalin "yana yi yana bari" da ke sa mutane su ɗauka aljanu ne ko zafi.

An yi ƙoƙarin toshe wannan kafa. A watan Yuli na 2008 Stuart Cheshire na kamfanin Apple ya fitar da ƙa'idar da ta ce na'ura, kafin ta ɗauki adireshi, ta tambaya sau uku ko akwai mai shi, in ta ji shiru sannan ta sanar sau biyu cewa ta ɗauka. Wayoyi da kwamfutocin zamani suna yin irin wannan ladabi. Amma tambaya na farke kaɗai take samu. In injin da ke da adireshin a kashe yake lokacin da aka yi ta, shiru za a ji, a ɗauka babu kowa. Kuma akwai ƙananan na'urori masu araha da in sun tashi ba sa tambayar kowa, sai dai su kama lambar da aka rubuta musu.

Hanya biyu ce na'ura ke samun adireshi. Ko mutum ya rubuta mata da hannu, ta riƙe shi har abada, ko ruta ta ba ta aro ta tsarin da ake kira DHCP, wanda ya fara fitowa a 1993, Ralph Droms ya daidaita shi a 1997. Aron yana da wa'adi, a wasu rutoci awa 2, a wasu awa 24. Kusan duk rikicin adireshi daga karon waɗannan hanyoyi biyu yake tasowa. Wani ya zo bara ya kafa injin buga takarda, ya rubuta masa 192.168.1.20 da hannu, bai gaya wa ruta ba, bai rubuta a ko'ina ba, ya tafi. Ruta kuwa tana ganin lambar nan tata ce ta bayar. Wata goma babu abin da ya faru, domin masu hawa rezon ba su kai ashirin ba. Ran da aka yi taron ma'aikatan lafiya na gunduma, baƙi suka cika ofis kowa da wayarsa, inji yana kashe, rabo ya kai kan 20, aka ba wani baƙo. Aka kunna inji don buga jerin mahalarta, faɗa ya tashi.

A ƙasarmu akwai wani dalili da littattafan Turai ba su cika tsayawa a kansa ba: ɗaukewar wuta. Kuran ya tafi, ko batirin sola ya yi ƙasa da asuba, ruta ta mutu. Yawancin ƙananan rutoci ba sa ajiye jerin aron da suka bayar a wuri mai ɗorewa, suna mutuwa sun manta. Wayoyi da kwamfutocin hannu kuwa suna da batirinsu, ba su manta komai ba. Wuta ta dawo, ruta ta fara rabo daga farko, ta ba sabon zuwa lambar da wata kwamfuta mai barci a cikin jaka take ganin har yanzu tata ce. A ofishin da wuta ke yankewa sau da yawa a yini, wannan caca ce da ake bugawa kullum.

Sai kuma na'urorin da ke fitowa daga kwali da lambarsu a rubuce. Kamarorin Hikvision da 192.168.1.64 suke zuwa, na Dahua da 192.168.1.108. Mai shago ya sayo guda huɗu daga Kano ko Maradi, aka jona su gaba ɗaya, huɗun duka suna amsa lamba guda. Gwani yana jona su ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowace tata kafin ya ɗauko ta gaba.

Abin da ya fi burge ni a wurin ƙwararren mai gyara shi ne mintunansa na farko, waɗanda ba ya taɓa komai a cikinsu. Yana shigowa an gaisa, sai tambaya. Hirar takan kasance haka:

"Sannu da zuwa, ƙanena. Tun shekaranjiya muke fama."

"Yauwa Hajiya, Allah ya sawwaƙe. Duka ne suke ƙi, ko wasu?"

"Tawa ce da injin. Ta akanta lafiya lau."

"Me aka kawo sabo cikin satin nan?"

"Babu komai."

"Ko kamara? Ko wani ya zo da kwamfutarsa daga gida? Ko an ƙara wata waya ta kabul?"

"Af, akwai ɗan akwatin da maigida ya sa a ɗakin taro. Amma ai shi wifi kawai yake ƙarawa."

Kafin ya zauna ya riga ya yi rabin aikin. Ya san "babu komai" ba ƙarya ba ce, mutane ba sa lissafa abin da suke ganin ƙarami ne, don haka yake jero musu misalai har ɗaya ya faɗo. Ya san tambayar "duka ko wasu" ita ke raba matsalar waje da ta ciki: in kamfani ne ya yanke, kowa zai rasa intanet amma inji zai ci gaba da bugawa, tunda takarda ba ta fita ɗakin. In kuwa inji ne ke ƙi alhali intanet na tafiya, kamfani ya fita daga zargi.

Kuma ba ya kai hannu ga ɗan ramin nan na bayan ruta da ake soka wa tsinke. Wannan shi ne babban bambancinsa da mai karambani. Soka tsinke yana goge komai: kalmar sirri, saitin layi, duk wani tsari da wani ya taɓa yi, har da shaidar da ake nema. Ko kashewa da kunnawa ma yakan jinkirta, domin yana iya kwantar da rigimar na kwana biyu ya ɓoye mai laifi. Da farko yakan shiga shafin ruta ya ɗauki hoton jerin na'urorin da ke kai. Shafin ma sai ka san ƙofarsa: modem ɗin Huawei da ake sa wa layin Airtel, Moov ko Zamani galibi 192.168.8.1 ne, TP-Link sau da yawa 192.168.0.1, MikroTik 192.168.88.1, rutar Starlink kuma, wadda ta fara aiki a Nijar a hukumance a watan Maris na 2025, 192.168.1.1. Waɗannan a ka yake riƙe da su.

Daga nan ya zauna gaban kwamfutar da ke ciwo. Tsohuwar Windows 7 tana da kirki, takan fito fili ta rubuta da Faransanci, "Windows a détecté un conflit d'adresse IP." Sababbin sukan yi shiru, amma suna rubuta abin a kundin abubuwan da suka faru, ƙarƙashin lamba 4199, har da lambar MAC ta abokin rigimar. Wanda ya san wannan lamba ya sami shaidar mai laifi a minti biyu. In babu, sai ya buɗe baƙin allon nan da ke tsorata mutane ya rubuta ipconfig /all. Abu uku yake dubawa: adireshin kwamfutar, ƙofar da take bi ta fita waje, da wanda ya ba ta adireshin. In ya ga lamba mai farawa da 169.254, ya san kwamfutar ce ta ba kanta, ko don ta nemi aro ba ta samu ba, ko don ta tarar da wani a kan lambarta ta janye.

Gwajin da ya biyo baya yana da sauƙi har mutum ya yi mamakin bai yi tunaninsa ba. Ya kashe injin da ake zargin an shiga lambarsa, ya zare wayarsa gaba ɗaya. Ya share tsohon jadawali da arp -d. Sannan ya rubuta ping, umarnin da ke kiran na'ura ya jira amsa, da adireshin injin. Inji a kashe yake, bai kamata kowa ya amsa ba. In amsa ta zo, magana ta ƙare: akwai wani a kan lambar. Ƙwararre ba ya tsayawa nan ko da ya ji shiru, domin kwamfutoci da yawa an saita su kada su amsa ping. Amma babu na'urar da za ta yi aiki a rezo ta ƙi amsa shelar ARP. Don haka ya rubuta arp -a. In lambar MAC ta bayyana a gaban adireshin da ya kamata ya zama fanko, ga shaidar a hannunsa.

Saura a gano mai ita. Haruffa shidan farko su gaya masa masana'anta, manhaja irin Fing da ke cikin salularsa tana fassara su nan take: wannan HP ce, wannan Hikvision, wannan TP-Link. A ofis mai na'ura goma sha, sanin kamfani kaɗai yakan isa. Wayoyi ne suka zo da sabuwar wahala. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, salula tana ƙirƙiro wa kanta lambar MAC ta bogi a kowane wifi don kada a riƙa bin sawun mai ita. Tecno ko Itel ko Infinix ɗin da ke aljihun wani ba za ta nuna sunan kamfaninta ba. Amma ƙirƙirarriyar lamba tana da alama: harafinta na biyu yakan zama 2, 6, A ko E. Yana ganin haka ya san waya yake nema, ya daina zagaye ɗakuna yana leƙa bayan tebur.

In kuwa mai laifin a kan kabul yake kuma ba a san inda wayoyin suka nufa ba, akwai dabarar da nake jin daɗin gani. Ya bar ping yana ta tafiya ba tsayawa, ya je wurin akwatin da wayoyi ke haɗuwa. Mai koyo zai zare su ɗaya ɗaya. Shi rabi yake zarewa gaba ɗaya. In amsa ta tsaya, mai laifin yana cikin waɗanda aka zare, in ta ci gaba yana cikin sauran. Ya sake raba rabin biyu. Waya 16, zagaye 4 sun isa. Kafin haka ya riga ya sanar da mutanen ofis su ajiye aikinsu, domin ya san akanta na iya kasancewa tsakiyar lissafin albashi.

Mu koma ga ɗan akwatin ɗakin taro, domin shi ne mafi sharri a cikinsu, kuma shi ya fi yawa yanzu da kowa ke son wifi ya kai ƙarshen gida. Abin da maigida ya saya ruta ce cikakkiya, ita ma da nata mai rabon adireshi a ciki. An ja kabul daga tsohuwar an soka a ɗaya daga cikin ramukan gida na sabuwar. Yanzu masu rabo biyu ne a rezo ɗaya, babu wanda ya san da ɗan'uwansa. Waya ta nemi adireshi, wanda ya riga amsawa shi ke ba ta. In rukuninsu ɗaya ne, za su ba mutum biyu lamba guda. In rukuninsu daban ne, rabin ofis zai sami adireshin da ƙofarsa ba ta kaiwa ko'ina: alamar wifi a cike, intanet babu. Mafi muni shi ne rutocin biyu su kasance dukansu 192.168.1.1. Wannan ita ce ƙofar da kowa ke bi ya fita, don haka kowa zai riƙa faɗuwa yana tashi, kuma sai ka rantse layin kamfani ne ke rawa. Har mai gyara ma, in ya buɗe shafin ruta, wani lokaci ta wannan ce za ta fito, wani lokaci ta waccan. Ga mai lura, wannan kansa amsa ce. Wata hanyar kuma ya kwatanta kwamfuta biyu: in wanda ya ba wannan adireshi daban ne da wanda ya ba waccan, masu rabo biyu ne. Maganin ba cire akwatin ba ne, tunda buƙatar maigida gaskiya ce. Ya zare shi, ya jona shi shi kaɗai da kwamfutarsa, ya kashe masa rabon adireshi, ya ba shi lamba tasa kamar 192.168.1.2, ya mayar. Ɗakin taro ya sami wifi, ofis ya sami lafiya.

Wani ɓangare na gwanintar shi ne sanin lokacin da ba rikicin adireshi ba ne. Masu sayar da tikitin wifi a bakin kasuwa ko tasha sun san wata matsala mai kama da ita. Ranar kasuwa mutane sun cika gari, sababbin wayoyi suna ta neman hawa su tsaya a "neman adireshi" ba gaba ba baya. Nan babu biyu a lamba ɗaya, lambobin ne suka ƙare. Guda 254 ne, wa'adin aro awa 24, kuma duk wanda ya wuce wayarsa ta gaisa da rezon ya tafi da guda. Maganin a rage wa'adin zuwa awa ɗaya ko ƙasa, ko a faɗaɗa rukunin. A irin wuraren nan kuma akan sami rikici na ganganci, inda wani ke kwaikwayon lambobin wanda ya biya don ya hau kyauta, mai tikiti na gaskiya ya riƙa yankewa. Akwai kuma kabul ɗin da ɓera ya ci, da wanda aka soka kansa biyu a akwati ɗaya. Mai gyara na ƙwarai in ya gwada ya ga ba nan ba ne, yakan faɗa, ya nufi wani wajen.

Gano mai laifi rabin aiki ne. Canza wa inji lamba daga 20 zuwa 21 a tafi, dasa wata rigimar ce ga wata mai zuwa. Gwani yana raba filin: daga 2 zuwa 49 na masu zaman dindindin, wato injin buga takarda, kamarori, ruta ta biyu, kwamfutar da ke ajiye takardun ofis, daga 100 zuwa sama na ruta ta riƙa ba wayoyi da baƙi. Ya shiga ya gaya wa ruta iyakarta don kada ta tsallaka. Inda ruta ta iya, ya fi son ya bar rabon duka a hannunta, ya ɗaure lambar MAC ta inji da adireshi guda, ta yadda kullum shi za a ba shi kuma ba za a ba kowa ba. In na'urar salula ce ake son ɗaurewa, sai an kashe mata ƙirƙirar lamba a wannan wifi ɗin. Ya ba da shawara a sa ruta a kan batiri, tunda mafi yawansu volt 9 ko 12 kawai suke ci, don ta daina mantuwa duk sanda wuta ta ƙifta. Akwai sabon tsarin adireshi, IPv6, wanda aka fara fitarwa a 1995, mai lambobin da ba za su ƙare ba kuma da binciken karo a cikin gininsa. Wayoyi sun iya shi, amma injunan buga takarda da kamarorin ofisoshinmu har yau da tsohon ake saita su, don haka wannan sani ba mai tsufa ba ne nan kusa.

Sannan ya nemi takarda da biro. Wannan ne aikin da ba a biyansa a kai, kuma shi ne ya fi nuna halinsa. Ya rubuta sunan kowace na'ura, ɗakin da take, adireshinta, lambarta ta MAC, da ranar. Kwafi ɗaya a manna kusa da ruta, ɗaya a ba shugaban ofis tare da kalmar sirri a cikin ambulan. Akwai masu riƙe wannan a ransu don dole a sake kiransu. Ban ga dabara a ciki ba: ma'aikata ana canza musu wurin aiki, mai gyara kansa gobe yana iya komawa Agadas ko Damagaram, kuma wanda ya zo bayansa zai rubuta wa wani inji lamba da hannu a makance, a koma gidan jiya. Yaron da ke riƙe masa jaka ma daga wannan takarda yake fara gane cewa lambobin suna da tsari.

Kafin ya karɓi sallama akwai gwaji ɗaya da ba ya tsallakewa. Ya ce kowa ya ajiye aikinsa, ya kashe komai da gangan, ruta, akwatin wayoyi, inji, kamarori, kamar yadda ɗaukewar wuta za ta yi. Ya kunna su ba bisa tsari ba, inji a ƙarshe, bayan wayoyin kowa sun hau sun karɓi rabonsu. Ya duba jerin ruta ya ga kowa yana cikin iyakarsa, ya sake arp -a ya ga kowane adireshi da lamba ɗaya a gabansa. Sai ya ce wa Hajiya ta tura takarda daga kwamfutarta, akanta ma ya tura daga tasa, wani kuma daga ɗakin taro, ya tsaya har ukun su fito.